Ido, Ƙwaƙwalwa da Birki: Dalilan Dokar Tsayawa Domin Motar 'Yan Makaranta

Gabatarwa

Titin da ya tashi daga Sabon Garin Zariya, ya bi ta Kwangila da Hanwa da Palladan da Zango, ya ratsa Samaru, sannan ya miƙe zuwa Shika da Giwa da Funtuwa, titi ne mai aiki biyu. A wurin direban tirela da ya ɗauko kaya zuwa Gusau ko Sakkwato, babbar hanya ce ta doguwar tafiya. A wurin mazauna waɗannan unguwanni kuwa, titin ƙofar gida ne wanda ake tsallakawa domin zuwa kasuwa, ko masallaci, ko makaranta. A Samaru ma abin ya fi fitowa fili, domin Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a shekarar 1962, tana gefe guda, garin Samaru kuma yana ɗaya gefen. Kullum da safe, da kuma lokacin tashi daga makaranta, bas-bas da Keke Napep da 'yan acaɓa sukan tsaya a bakin wannan titi suna ɗaukar yara ko suna sauke su, alhali sauran motoci suna wucewa ta gefensu da gudu.

A wasu ƙasashen duniya akwai dokoki na musamman game da wannan ɗan lokaci da motar 'yan makaranta take tsaye. Wannan maƙala za ta duba waɗannan dokoki, sannan ta bayyana dalilansu ta fuskar kimiyyar halittu da ta lissafin motsi. Mai karatu zai ga cewa an gina dokokin ne a kan yadda jikin yaro yake aiki, kuma jikin yaron Samaru bai bambanta da na yaron ko'ina ba.

Yadda Dokar Take A Wasu Ƙasashe

A shekarar 1939 wani masanin ilmi mai suna Dokta Frank Cyr ya shirya taro a Jami'ar Kolambiya da ke birnin Niyu Yok, inda wakilan jihohin Amurka suka amince da ƙa'idojin ƙera motar makaranta. A cikin abubuwan da suka amince da su akwai fentin rawaya wanda aka san motocin da shi har yau. Daga baya aka ƙara wa motar fitilun gargaɗi da kuma wani allo ja mai umurnin tsayawa, wanda yake buɗewa daga gefenta kamar an miƙa hannu. Idan direba ya kusa tsayawa sai ya kunna fitilu masu ruwan ɗorawa. Idan ya tsaya ya buɗe ƙofa, sai jajayen fitilu su kama walƙiya, allon kuma ya fito. A dukkan jihohi 50 na Amurka laifi ne a wuce motar a wannan hali. Wanda yake bayanta dole ya tsaya, haka ma wanda yake fuskantarta, sai fa idan titin tagwaye ne mai shinge a tsakiya, inda yawancin jihohi suke ɗauke wa masu tahowa daga ɗaya hannun wannan nauyi.

A lardin Ontariyo na ƙasar Kanada, wanda yake biye da motar zai tsaya ne aƙalla mita 20 daga bayanta, kuma tarar karya dokar a karon farko tana kamawa daga dalar Kanada 400 zuwa 2,000. A Niyu Zilan ba a tilasta tsayawa cak ba, amma duk wanda zai wuce motar makaranta da take ɗauka ko sauke yara, daga kowane hannu ya fito, ba zai haura kilomita 20 a awa ba. A Jamus, idan bas ta tsaya a tasha da fitilun gargaɗi a kunne, sai dai a wuce ta da saurin mai tafiya a ƙasa. Birtaniya kuwa ta bi wata hanya dabam: tana sanya ma'aikaci a gaban makaranta riƙe da sanda mai allo, kuma doka ta ba shi ikon tsayar da motoci har yara su gama tsallakawa.

Ko da yake hanyoyin sun bambanta, manufarsu ɗaya ce. An lura cewa yaro ya fi shiga haɗari a wajen motar, lokacin hawa da sauka da tsallaka titi, fiye da lokacin da yake zaune a cikinta. Wani abin takaici da ya faru a jihar Indiyana ta Amurka ranar 30 ga Oktoba, 2018, ya tabbatar da haka. Motar makaranta tana tsaye, fitilunta suna walƙiya, allonta a buɗe, amma wata a-kori-kura da ta taho daga ɗaya hannun ba ta tsaya ba. Ta kaɗe yara huɗu da suke tsallakawa domin shiga motar, uku daga cikinsu, 'yan gida ɗaya, suka rasu. A shekarar 2019 jihar ta tsananta hukunci, ta kuma umurci makarantu su tsara wuraren tsayawa ta yadda za a rage tsallaka manyan hanyoyi.

Abin Da Ake Da Shi A Nijeriya

An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a shekarar 1988, kuma Farfesa Wole Soyinka shi ne shugabanta na farko. Hukumar, tare da Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, ta fitar da ƙa'idojin motar makaranta, waɗanda suka haɗa da fentin rawaya, da rubutun da yake nuna cewa motar ta makaranta ce, da samar da mataimaki ga direba domin kula da yara. Haka kuma dokar hanya ta ƙayyade gudun ƙananan motoci da bas-bas a cikin gari a kan kilomita 50 a awa, na tirela da tanka kuma 45, ta kuma wajabta wa direba ya ba mai tafiya a ƙasa hanya a wurin tsallakawa mai zanen fari. A Jihar Kaduna akwai kuma jami'an KASTLEA masu kula da bin dokokin hanya.

Sai dai mafi yawan yaran Samaru da Sabon Gari ba a motar rawaya suke zuwa makaranta ba. Wasu da ƙafa suke zuwa, wasu a bas ɗin haya, wasu a keke mai ƙafa uku, wasu kuma uku ko huɗu a bayan babur guda. Babu ɗaya daga cikin waɗannan abubuwan hawa da yake da jar fitila ko allon tsayawa. Saboda haka aikin da fitila take yi a can, a nan ya koma kan fahimtar direba. Wannan fahimta kuwa daga sanin jikin yaro take farawa.

Ido Da Aikinsa

A can bayan ƙwayar ido akwai wani siririn tantani mai karɓar haske, wanda masana suke kira ratina. A cikinsa akwai ƙwayoyin gani iri biyu: masu siffar sanda, kimanin miliyan 120, waɗanda suke aiki a cikin duhu-duhu, da masu siffar mazurari, kimanin miliyan 6, waɗanda suke bambance launi da rana. Masu siffar mazurari kashi uku ne. Kashi guda ya fi jin hasken da ya karkata ga ja, guda ga kore, guda kuma ga shuɗi. Launin rawaya yana motsa kashi biyu na farko a lokaci guda, shi ya sa yake yi wa ido haske sosai, baƙin rubutu kuma yake fitowa raɗau a kansa ko da sanyin asuba. Wannan shi ne sirrin fentin motar makaranta. A Zariya, inda hazon hunturu yakan rufe sararin sama a watannin Disamba da Janairu, amfanin irin wannan launi ya fi ƙarfin a ce ado ne.

Ganin mota abu ne guda, sanin saurin da take tahowa da shi kuma wani abu ne dabam. Ƙwaƙwalwa tana auna kusantowar abu ne ta hanyar lura da yadda hotonsa yake girma a kan ratina. Abin da yake kusa hotonsa yakan girma da sauri, wanda yake nesa kuwa hotonsa ƙarami ne, girmansa kuma a hankali yake ƙaruwa. Alal misali, yaro yana bukatar kimanin sakan 6 kafin ya tsallaka titi mai faɗin mita 7. Motar da take gudun kilomita 30 a awa, wadda za ta iso cikin sakan 6, tana nisan mita 50 ne, ana ganinta sarai. Amma wadda take gudun kilomita 80, wadda ita ma cikin sakan 6 za ta iso, tana nisan mita 133, wato fiye da tsawon filin ƙwallo. Hotonta ɗan mitsitsi ne, kuma da ƙyar ake lura da girmansa. A idon yaro, motar da ta fi haɗari ita ce take kama da wadda ba ta da niyyar isowa.

A shekarar 2011 masu bincike a kwalejin Royal Holloway ta Jami'ar Landan sun auna wannan al'amari a kan yara 'yan firamare masu shekara 6 zuwa 11. Sun gano cewa da zarar gudun mota ya haura kimanin kilomita 32 a awa, yaran ba su iya tabbatar da cewa tana kusantowa yadda manya suke iyawa. Wato ba taurin kai ne yake sa yaro ya faɗa gaban mota ba. Sau da yawa ya duba, ya ga motar, amma ƙwaƙwalwarsa ta gaya masa cewa akwai sauran lokaci.

Ƙwaƙwalwar Da Ba Ta Gama Nuna Ba

Sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda yake bayan goshi, shi ne yake kula da shirya aiki, da haƙuri, da danne sha'awar yin abu nan take. Wannan sashe shi ne yake makara wajen nuna, domin ba ya kammala girma sai mutum ya haura shekara ashirin. Dalili ke nan da ya sa yaron da ya hango mahaifiyarsa a tsallaken titi, ko iska ta kwashe masa takarda, yakan zabura da gudu, duk da cewa ya haddace darasin duba hagu da dama. Tun a shekarun 1960 wata masaniyar halayyar yara 'yar ƙasar Suwidin, Stina Sandels, ta yi nazarin yara a kan titi, ta kuma nuna cewa ƙananan yara ba su da cikar da za su fuskanci zirga-zirgar motoci su kaɗai, komai yawan horon da aka yi musu.

Wani binciken da aka buga a shekarar 2017 daga Jami'ar Ayowa ta Amurka ya ƙara haske. An sa yara masu shekara 6 zuwa 14 su tsallaka titin kwaikwayo da aka haɗa da kwamfuta. Ƙananan cikinsu sun riƙa zaɓar ratar da ta yi kaɗan tsakanin motoci, ko kuma su zaɓi rata mai kyau amma su yi jinkirin ɗaga ƙafa har lokaci ya ƙure. Sai a wajen shekara 14 ne yaran suka iya tsallakawa ba tare da motar kwaikwayon ta kaɗe su ba. Wannan ya nuna cewa ko ɗaliban aji ɗaya da aji biyu na ƙaramar sakandare ba su gama fita daga wannan matsala ba.

Akwai kuma batun tsawo. Yaro mai shekara 6 tsawonsa bai wuce kimanin santimita 115 ba. Idan ya sauka daga bas ya zagaya ta gabanta, jikin motar ya ɓoye shi gaba ɗaya daga direban da yake tahowa daga baya, shi ma kuma ba ya hango abin da yake tafe. Ko Keke Napep ta isa ta ɓoye shi. Tun ranar 2 ga Afrilu, 1972, da Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, mota takan sauke fasinja a gefen dama, masu wuce ta kuma su bi ta hagunta, wato daidai inda yaron zai ɓullo. Har ila yau, gaban ƙaramar mota yakan bugi babban mutum a ƙafafu, amma yaro a ƙirji ko a kai yake samunsa, inda zuciya da huhu da ƙwaƙwalwa suke.

Lissafin Birki

Direba ma ɗan Adam ne, jikinsa yana da iyaka. Kafin ya taka birki, dole haske ya faɗa kan ratina, saƙo ya bi jijiyar gani zuwa bayan ƙwaƙwalwa, a gane abin da aka gani, a yanke shawara, sannan umurni ya sauka ta lakar gadon baya zuwa tsokar ƙafa. Idan abin ya zo ba zato, wannan yakan ci kimanin sakan ɗaya da rabi, kuma a duk tsawon lokacin motar tana tafiya da cikakken gudunta. Bayan an taka birkin ma, sai ta ƙara ja kafin ta tsaya. Ga lissafin ƙaramar mota mai lafiyayyen birki da tayoyi a kan busasshiyar kwalta:

Gudun kilomita 30 a awa: kafin taka birki mita 13, jan birki mita 5, jimla mita 18.
Gudun kilomita 50 a awa: kafin taka birki mita 21, jan birki mita 14, jimla mita 35.
Gudun kilomita 80 a awa: kafin taka birki mita 33, jan birki mita 35, jimla mita 68.

A ƙaddara cewa yaro ya ɓullo daga gaban bas, tsakaninsa da mota mita 18. Direban da yake gudun kilomita 30 zai tsaya daf da shi. Wanda yake gudun 50 kuwa, wato wanda bai ƙetare iyakar gudun cikin gari ba, zai iske yaron tun ƙafarsa ba ta kai ga birki ba, domin yana bukatar mita 21 kafin hakan. Ƙarfin bugun da mota take yi a gudun kilomita 50 daidai yake da na faɗowa daga tsayin kimanin mita 10, wato saman bene mai hawa uku. A gudun 30 kuwa, tsayin bai wuce mita 3 da rabi ba. Dalili shi ne, ƙarfin motsi yana ƙaruwa ne da ninkin gudu a kan kansa: idan gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin bugu da nisan jan birki sukan ninka sau huɗu. Idan damina ta jiƙa kwalta, ko tayoyi sun suɗe, ko kuma tirela ce ɗauke da buhunan masara, nisan ya fi haka. Lalle Bahaushe ya yi gaskiya da ya ce sauri ya haifi nawa.

Wannan lissafi ne ya sa taron ministoci na duniya kan kiyaye haɗurra, wanda aka yi a birnin Istokholm a watan Fabrairu na 2020, ya yi kira da a mayar da iyakar gudu kilomita 30 a awa a duk inda masu tafiya a ƙasa suke cuɗanya da motoci. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2023 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ne suke rasuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Nahiyar Afirka ce take da kaso mafi girma idan aka kwatanta da yawan jama'arta.

Gwaji Domin Aji

Malamin kimiyya zai iya nuna wa ɗalibai wannan darasi ba tare da tsadar kayan aiki ba. Ɗalibi guda ya riƙe rula mai santimita 30 a tsaye, wani kuma ya buɗe yatsunsa biyu daidai alamar sifiri. Na farko ya saki rular ba tare da sanarwa ba, na biyu ya cafke. Idan ya kama a santimita 20, jikinsa ya ɗauki kashi ɗaya cikin biyar na sakan ke nan. A maimaita gwajin yayin da wani yake yi masa tambayar lissafi, za a ga rular tana suɓucewa. Haka yake faruwa ga direban da yake waya ko yake cinikin kuɗin mota. Bayan wannan, sai a fita filin makaranta a auna mita 18 da 35 da 68 da igiya, a kafa duwatsu, ɗalibai su taka da ƙafafunsu. Gani ya kori ji.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Ga direbobi da 'yan acaɓa, duk abin hawan da ya tsaya a gefen titi kuma aka ga yara masu kayan makaranta kusa da shi, to a ɗauke shi tamkar motar rawaya mai jar fitila. A sauke gudu ƙasa da kilomita 30, a ɗora ƙafa kan birki, kada a dogara da oda, domin ƙara takan firgita yaro ne ya zabura. Kada kuma a wuce motar da ta tsaya a wurin tsallakawa, domin mai yiwuwa wani take jira ya wuce.

Ga masu ɗaukar yara, a sauke su a hannun da makarantar ko gidan yake, ko da hakan zai sa a je a juyo. Inda ba zai yiwu ba, yaron mota ko wani babba ya sauka ya riƙe hannunsu. Ga ɗalibai, wanda ya sauka ya ja da baya kamar taku biyar manya, ya jira motar ta tafi har ya ga titi ya buɗe ta kowane hannu, ya duba hagu, ya duba dama, ya sake duba hagu, sannan ya tsallaka da tafiya, ba da gudu ba. Ɗaliban babbar sakandare kuma su sani cewa ƙannensu 'yan ƙasa da shekara 10 amana ce a hannunsu.

Ga hukumomin makarantu da ƙungiyoyin iyaye da malamai, za su iya neman a sanya alamun makaranta da zanen tsallakawa da tudun rage gudu a ƙofofinsu, su kuma tsayar da babban mutum a bakin titi safe da rana. Zariya tana da gatan da garuruwa da yawa ba su da shi, domin a nan ne Cibiyar Nazarin Fasahar Sufuri ta Nijeriya take, a kan hanyar Basawa, tun shekarar 1986, ga kuma masana aikin hanya a jami'a. Shawarar ƙwararru ba ta yi nisa ba.

Kammalawa

An nuna cewa dokar tsayawa domin motar 'yan makaranta ta samo asali ne daga abubuwa uku: idon yaro ba ya auna gudun mota daidai, ƙwaƙwalwarsa ba ta gama koyon haƙuri ba, mota kuma ba ta tsayawa nan take. Na farko da na biyu shekaru ne kaɗai suke gyara su, babu bulala ko wa'azin da zai gaggauta nunar ƙwaƙwalwa. Na ukun shi ne yake hannun manya. Direban da ya sauke gudunsa daga kilomita 50 zuwa 30 a tsawon mita 500 na gaban makaranta, sakan 24 kacal ya rasa a tafiyarsa. Rigakafi dai ya fi magani.